Ƙwallon da Ya Shiga Filin Kanya

Mu uku muka yi wannan tafiya: ni, da Mu'azzam mai shekara shida, da ƙanwarsa Hanifa wadda ba ta cika huɗu ba. 'Ya'yan yayana Nasiru ne, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikacin jinya da Allah ya yi wa rasuwa gab da faɗuwar damina. Mahaifiyarsu, Yaya Hauwa, ta fita takaba a makon nan, iyayenta kuma sun aiko cewa ranar Lahadi mota za ta zo ta kwashe ta da yaran zuwa Haɗeja. Asabar ɗin nan kaɗai ta rage mini.

Abin da ya fitar da mu alkawari ne wanda ba ni na ɗauka ba. Kafin ya kwanta ciwo, Yaya Nasiru ya sayo wa Mu'azzam ƙwallon fata. Ya ce masa ba a fara buga sabon ƙwallo a kan siminti, ya jira ranar da babu aiki zai kai shi Filin Kanya a Tarauni, inda muka yi wasa muna yara. Ranar ba ta zo ba. Yaron ya riƙe maganar kamar wasiyya. Duk tsawon takabar ƙwallon yana cikin ragarsa a rataye jikin ƙusa, yakan sauke shi ya goge ya mayar.

Na tashi daga gidanmu na Hotoro bayan sallar asuba, na isa Gyadi-Gyadi gari ya fara haske. Gidan haya ne, tsakar gidan an shafe shi da siminti tun daga zaure har bakin banɗaki, tankin ruwa ya ci rabi, janareton maƙwabta ya ci rabin abin da ya saura. A nan yaran suka yi damina. Na tarar da kaya a ɗaure, labule a sauke, Mu'azzam kuwa a tsaye da takalmansa da ƙwallonsa, wai tun kiran sallah ya shirya.

Muna cikin gaisawa sai wani ƙwallon roba ya tsallako katanga ya faɗa cikin bokiti. Nan take muka ji sallama daga zaure: "Salamu alaikum, ƙwallonmu ya faɗo!" Yaya Hauwa ta ce su shigo su ɗauka. Wani yaro ya shigo a guje, ya durƙusa, ya sure abinsa ya fice. Ta ce kullum haka suke, lungu ne filinsu. Mu ma haka muka taso. Duk tsananin maigida ba ya hana yaro ɗaukar ƙwallonsa, sai dai ya haɗa masa da faɗa.

"Baffan yara, da gidan namun daji ka kai su," in ji ta. "Ga shi nan kusa. Ka tabbata filin nan yana nan?"

Na ce mata yana nan. Hujjata ita ce, tun da na dawo daga hidimar ƙasa nake jin masu adaidaita sahu suna kiran "Filin Kanya! Filin Kanya, mutum ɗaya!" a bakin kasuwar Tarauni. Rabona da wurin tun da muka tashi daga unguwar ina ƙaramar sakandare, amma na ɗauka abin da ake kira kullum ba zai rasa zama ba. Ta dube ni, ta gyara wa Hanifa ɗankwali, ta ce, "To, ka riƙe mini hannunsu da kyau."

Wanda bai taɓa ratsa Gyadi-Gyadi da ƙananan yara biyu ba bai san unguwar ba. Ni kaɗai nakan bi hanyar nan ban ga komai ba. Da yara kuwa sai na ga babu inda aka tanada domin mai ƙafa. Gefen titi na masu kanti ne, sun fito da firji da katifu. Abin da suka rage masu mota sun ajiye motocinsu. Abin da ya saura kwata ce a buɗe, cike da baƙin ruwa da ledoji. Hanifa ta ga akuya a kan tarin yashi ta tsaya tana yi mata sallama, babur ya wuce ya kusa tafiya da gefen rigarta, mai babur ɗin ne ma ya juyo yana yi mini tsawa.

Mun karya wurin wata mai ƙosai kusa da asibitin koyarwa, inda ma'aikatan da suka kwana a bakin aiki suke tsayawa da fararen kayansu. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance har Hanifa tana cinye guda a loma ɗaya, kuɗinsa kuwa ya yi girman da ƙosan ya rasa. Mai ƙosan ta kalli Mu'azzam ta ce, "Wannan ba ɗan Malam Nasiru ba ne? Goshin ne sak." Ta ƙara mana gyara, ta yi addu'a. Yaron ya ce amin yana kallon ƙwallonsa.

Daga nan muka tsallaka titin Zariya, Hanifa a kafaɗata, Mu'azzam a hannuna, muka hau adaidaita. Na ce Filin Kanya, direban bai ko tambaya ba ya ja. Hankalina ya ƙara kwanciya. A hanya na ba yaron labarin wurin: kanyar da sai mutum uku sun haɗa hannu suke zagaye ta, da yadda muke jifan 'ya'yanta, da yadda babansa yake tsaron gida tsakanin duwatsu biyu yana ihu kamar shi ya haifi 'yan wasan. Mu'azzam ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin rasuwar.

Direban ya taka birki gaban wani dogon jerin shaguna mai hawa biyu ya ce, "Filin Kanya." Na duba. Kantin magani, shagon labule, mai sayar da tayil, rumfar masu cirar kuɗi. Na ce masa filin nake nufi.

"Yallaɓai, ai nan ne. Sunan wurin ke nan."

"To ina kanyar?"

"Ni dai tun da na fara tuƙi ban ga kanya ba. In ka gan ta ka tsinko mini."

Muka sauka. A kan benci gaban masallaci na ga wani dattijo da na shaida, Alhaji Sule, maƙwabcinmu na da. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifinmu. Ya yi mini ta'aziyyar Yaya Nasiru, ya shafa kan yaran. Da na tambaye shi filin sai ya nuna shagunan da sandarsa ya ce an yanka gaban tun da daɗewa, bayansa kuma wani ya saya ya zagaye da katanga. "Wa ya saya, Baba?" Ya ce, "Mu ma labarinsa muke ji. An ce ba ya ƙasar."

Ban so yaron ya ga katangar ba. Na ce masa mu nemi wani filin da ya fi wannan kyau. Muka taka zuwa makarantar firamaren da na yi. Rabin filinta ya zama azuzuwa, ƙofar kuma a kulle saboda Asabar ce. Muka ƙara gaba zuwa wani lambun shaƙatawa da na ga allonsa a hanya. A bakin ƙofa aka ce ana biyan kuɗin shiga har na yara, ban yi gardama ba. Ciki kuwa ana kafa rumfunan biki, ciyawar da ke ƙasa ta roba ce an shimfiɗa kamar darduma, lilo guda ɗaya ne kuma an ɗaure shi da igiya kada ya dami masu jera kujeru. Wani ma'aikaci ya hango ragar ya ce, "Malam, ban da ƙwallo, akwai gilasai." Mu'azzam ya tsuguna ya shafa ciyawar, ya shinshina hannunsa.

"Baffa, wannan ba filin Abba ba ne."

A hanyar fitowa Hanifa ta zame a bakin kwata, na fizgo ta, takalminta ɗaya ya tafi. Na tsaya ina kallonsa yana nutsewa a hankali, ina da digiri a aljihu amma ba ni da sanda. Ta yi kuka har sai da na saya mata yankan kankana. Rana ta take, rigata ta jiƙe, babu inuwa ko ɗaya tsakanin lambun da kasuwa sai ta allunan talla. Na ce mu koma gida. Mu'azzam ya tsaya cak ya ce shi sai ya ga filin.

Muka bi ta wani lungu bayan shagunan. Katanga ce ta bulo, ta fi ni tsawo, an dasa fasassun kwalabe a samanta. An rubuta da jan fenti cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne. Ƙofar ƙarfe ce babba, an naɗe ta da sarƙa, kwaɗon ya yi tsatsa har ya canza launi. Na zaunar da Hanifa a kan wani bulo, na ɗora Mu'azzam a wuyana a wani gefe da kwalaben suka kakkarye. Wata kwalba ta kama hannun rigata ya yage.

"Me ka gani?"

"Ciyawa, Baffa. Da yawa! Ta gaske. Da wani ƙaton kututture. Ga ƙadangare!"

Ni ban ga komai ba sai bulo a gaban hancina. Ya ce in miƙo masa ƙwallon. Na zaci so yake ya ɗaga shi, ƙwallon ma ya ga wurin, irin tunanin yara, sai na zare shi daga raga na miƙa. Kafin in ankara ya ɗaga hannu biyu ya wurga shi ciki. Na ji faɗuwarsa a kan ciyawa, sau ɗaya, a tausashe.

Ya zame ya sauko da sauri, fuskarsa a washe, ya ruga bakin ƙofar. Ya gyara tsayuwa, ya ƙwanƙwasa da ɗan hannunsa, ya ɗaga murya:

"Salamu alaikum! Ƙwallonmu ya faɗo!"

Sai a lokacin na gane dabarar da ya ƙulla. Duk daminar nan yana zaune yana kallon yadda sallama take buɗe ƙofar gidansu. Ya sake yi. Hanifa ta taso da takalmi ɗaya ta taya shi. Wani tela ya leƙo ta tagar bayan shagonsa ya ce, "Kai yara, babu kowa a nan. Maigadin ma ya bar aiki tun bara." Mu'azzam bai kula shi ba. Ya juyo ya ce mini, "Baffa, kai yi, ba sa jin tawa."

Na yi. Ni da gemuna na tsaya gaban ƙofar da na san babu kowa bayanta na yi sallama da ƙarfi, har mutanen lungun suka fara leƙowa. Na gwada hawa katangar, kwalba ta yanke mini tafin hannu, telan ya ce in sauko kafin a kira ni da sunan da ba nawa ba. Na koma wurin Alhaji Sule ko akwai mai mabuɗi. Ya ce a bari sai an ga dillalin da ya yi cinikin, yakan zo Juma'a wani lokaci. Na ce masa gobe yaran za su tafi. Ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri."

A adaidaitar komawa na ce wa Mu'azzam zan saya masa wani, irinsa sak. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya naɗe ragar a hannunsa ya ce, "Ba Abba ne zai sayo ba." A bakin kasuwa wani direba yana ta kiran Filin Kanya, mutum ɗaya.

Yaya Hauwa ta tarbe mu a zaure. Ta dubi ƙafar Hanifa, ta dubi hannuna, ta dubi ragar. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ta ce, "Sannunku da hanya," ta kawo ruwa.

Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne, kuma ba mai daɗi ba. A garin nan muna sare itace mu bar sunansa a bakin direbobi, muna sayar da fili mu ci gaba da sauke fasinja a cikinsa. Muna koya wa yara cewa sallama tana buɗe ƙofa, alhali mun cika unguwa da ƙofofin da babu mai amsawa a bayansu. Yaya Nasiru ma, da yake bin titin Tarauni lokaci-lokaci, ina zaton sunan yake ji yana cewa sai ranar hutu.

Da safiyar Lahadi mota ta zo. Mu'azzam ya shiga da ragar a aljihunsa.

Abin da muka rasa: takalmi ɗaya na ƙafar hagu, hannun riga ɗaya, kanya ɗaya, fili ɗaya, da ƙwallo ɗaya wanda ba a taɓa bugawa ba.