Jirgin da Ba Ya Juyawa Hagu

Eldred Tizzard ya shekara talatin yana kama kifin kod a gaɓarmu ta Newfoundland, a ƙasar Kanada, kafin gwamnati ta hana kamun a 1992, bayan ta tabbatar ba sauran abin kamawa. Daga nan ya wanke jirginsa, ya kafa bencina, ya koma ɗaukar baƙi yawon yini guda. Da teku ke ciyar da shi. Yanzu kallon tekun yake sayar wa mutanen Toronto.

Bara baƙin suka ja baya. 'Yarsa da ke Alberta, inda ko ƙanshin teku babu, ta gyara masa ɗaki. Matarsa Vina ta ce in bai samu kwangilar wani kamfanin motocin yawon buɗe ido ba, jirgin ya tafi kasuwa, su kuma Alberta. Kamfanin ya turo wata Madam Kowalchuk ta gwada tafiyar, ni ma, da yake kawuna ne, na bi su.

Da hantsi muka tashi, Vina na rabon shayi da burodi mai maɗi. Kawu Eldred ya nuna mana dutsen ƙanƙara mai tsayin coci, da tsuntsaye masu jan baki cunkushe a kan tsauni. Ya kai mu tsibirin da aka haife shi, wanda aka kwashe mutanensa yana saurayi, suka jawo gidajensu na katako bisa ruwa da igiya. Ciyawa da kaburbura suka rage.

"Kai, gwanin ban sha'awa," in ji Madam Kowalchuk.

"Sosai, 'yar nan," in ji shi. "Kan ɗakin girkin tsohuwata kike tsaye."

Ta rubuta wani abu, ta ce duk ta yaba, amma wel, ƙaton kifin nan mai feso ruwa ta ka, shi baƙi ke biya su gani.

A hanyar dawowa wel ɗin ya ɓullo bayanmu ta hagu, kusa har muna jin numfashinsa. Juyi ɗaya ta hagu ya isa. Sai dai tsofaffin masuntanmu ba sa juya jirgi saɓanin tafiyar rana. Ta dama ake juyawa, ko da gobara ake. Ta daman kuwa duwatsu ne a ƙarƙashin ruwa, sai an yi musu dogon zagaye.

"Hagu, Eldred," in ji Vina.

"Na gan shi."

"Na san ka gan shi, ba makanta ce ciwonka ba. Juya."

"Ƙanen babana ya juya hagu sau ɗaya."

"Ƙanen babanka a gado ya mutu, yana da shekara casa'in da ɗaya."

"To, bai mutu ba?"

Ya murza sitiyari dama. Na duba agogo: minti goma sha ɗaya zagayen ya ci. Wel ɗin, da yake ba a sanar da shi al'adarmu ba, bai jira ba. Muka tarar da ruwa shimfiɗe, kyakkyawa, irin wanda ake gani kyauta daga bakin gaɓa.

Madam Kowalchuk ta tambaya ko kullum haka yake yi.

"Shekara sittin ke nan," in ji shi, "kuma ban taɓa dawowa da mutum a jiƙe ba."

Ta yi godiya ƙwarai. Bayan sati biyu kwangilar ta tafi ga wani jirgi a ƙauyen gaba, mai juyawa duk inda aka ce.

A watan Oktoba Eldred ya sayar da nasa. Ya tsaya kan gadar da ake ɗaure jirage yana kallo, sabon mai shi ya kunna inji ya fita da shi ta hagu.

"Allah ya jiƙansa," in ji Eldred. "Mutumin kirki ne."

Vina ta ce ya zo ya ɗaure akwatuna.