Kawu Ɗalhatu da Gwajin Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

Kawu Ɗalhatu mutumin Gumel ne, abokin mahaifina. Ya daɗe yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin ya zo Doha, kuma a wannan hanya ya samo gwiwar da yake ɗingisawa da ita. Da na dawo daga karatu a Malesiya na same shi yana tuƙa bas ɗin ma'aikatan wani kamfanin share-share, yana zaune a unguwar Bin Omran, ɗaki guda da Fatawu, wani mai gadi ɗan Zangon Kumasi.

Mutum ne da ko lemon kwalba ba ya sha idan kwalbar ta yi masa kama da ta giya. Idan zai gaida babba sai ya rusuna, kuma bai taɓa kallon mace a ido ba, in ka cire matarsa da ke gida.

Wata safiya, a unguwar Madinat Khalifa, ya kauce wa mage ya goga bas ɗin a jikin shinge. Ba wanda ya ji ciwo. Kamfani ya turo jami'ar kiyaye haɗari, Madam Rowena, 'yar Filifin. Na'urar da ake hura wa iska don gano giya tana can wajen gyara, sai ta yi masa gwajin da aka koya mata a kwas. Ta ɗaga biro ta ce ya bi shi da ido, Kawu ya sunkuyar da kai. Ta ce ya bi farin layin titi, sai ya fara rusuna mata tukuna, ya yi tangaɗi. Da aka zo tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa, jikin bas ne ya tare shi.

Madam ta ce tana zargin ya sha. A ƙasar nan wannan ba ƙaramar magana ba ce: in ta kai ga 'yan sanda, aiki ya tafi, kafil mai ɗaukar nauyin zamansa ya janye hannu, sai jirgin Kano. Ta ce ya zo ofis washegari, zai hura na'ura, kuma a sake gwajin.

Bayan la'asar na je duba shi, na tarar Fatawu ya ja layi da alli a tsakar gida, yana riƙe da cokali.

“Alaji, dubi cokali! Cokali na ce, ba takalminka ba!”

“Ai kai ina iya kallonka, Fatawu. Me ke gare ka na kunya?”

“To ɗauka ni ne Madam. Yalla, mu je!” Ya yafa tawul a ka, ya siranta murya.

“A'uzu billahi,” in ji Kawu. “Wannan ai ya fi na ɗazu muni.”

Sun yi ta fama har ya fara iya tsayuwa na ɗan lokaci, yana karkarwa kamar zakara a ruwan sama. Ni ma na taya su tafi.

Sai da safe, mu uku muna cikin jirgin ƙasa za mu Mushairib inda ofishin yake, abin ya faɗo mini. Na taɓa karanta cewa irin wannan gwaji yakan kayar da mai ciwon ƙafa, da mai ƙiba, da dattijo, ko da ruwa kaɗai suka sha. Madam ba don ya ci take son maimaitawa ba, so take ta kwatanta.

“Kawu,” na ce, “in ka ci yau, ka nuna jiya akwai abin da ya hana ka ci. In na'ura ta wanke ka kuma ka sake faɗuwa, an ga gwajin ne bai iya bambance ka da mashayi ba.”

Fatawu ya dafe kai. “Kai! Ashe kabarinsa na wuni ina tonawa. Alaji, khalas, shi ke nan, ka faɗi kawai. Faɗi da kyau.”

“Da gangan?”

“Da gangan mana!”

“Ha'inci ke nan. Ban sha ba, kuma ba zan yi ƙarya da ƙafata ba. Kai ɗan nan, abin da aka tura ka koyowa ke nan?”

Har muka sauka muna roƙonsa, bai ko waiwaye mu ba.

A ofis ya hura na'ura, ba ta nuna komai ba. Madam ta ɗaga biro. Kawu ya zare ido ya kafe shi, ya bi shi dama, ya bi shi hagu. Sai biron ya zo daidai fuskarta, nan take kansa ya koma ƙasa. Layi kuwa ya fara shi da ƙarfin hali, Fatawu na bayana yana raɗa, “Ya Allah ka kayar da bawanka.” Gwiwa ta amsa tun bai kai tsakiya ba. A tsayuwa da ƙafa ɗaya ya dage iya dagewa, gumi na zuba, daga ƙarshe ya tafi da kujera da kwandon shara.

“Alhamdu lillahi!” Fatawu ya yi ihu.

Madam ta tambayi labarin gwiwar, na fassara mata. Ta tambayi dalilin sunkuyar da kai, na gaya mata. Sannan ta ce daidai yadda ya yi jiya ya yi yau, don haka ba ta da hujja a kansa. Ta ba shi haƙuri, ta miƙa masa makullin bas.

A hanyar komawa, da muka kusa gida, Kawu ya juyo ya dube mu.

“Ku daina murna,” ya ce. “Tayil ɗin ofishin nan santsi gare shi. Da a kan kwalta ne, wallahi da na ci.”

“Da ka ci, Alaji, da yanzu muna ɗaure maka kaya.”

Har yau yana tuƙa bas ɗinsa, kuma bai yafe wa Fatawu addu'ar nan ba.