Ranar da Na Kasa Cewa Mahaifina Ne

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, ni yarinya ce marar magana da aka ɗauko daga ƙauyenmu na wajen Tama aka sa lakwal, makarantar boko ta Nasara, a Madawa. Ni ce ɗiyar fari, don haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Haka aka raine mu.

Kowace safiya gardi, dogarin Nasara, yakan koro 'yan kaso su cika randunan lakwal, igiya ɗaya ta ɗaure su a ƙugu. Ni ƙafafunsu kawai nake kallo. Ran nan na ga wata ƙafa mai karkataccen babban yatsa, wanda bijimin sa ya taɓa takawa. Mahaifina ne. Daga baya na ji wai gero ya ɓoye, bai kai rumbun tsimin hukuma ba.

Bayan 'yan kwanaki aka jera su a gabanmu, malaminmu, da muke ce wa mushe, ya faɗa mana sabuwar dokar kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Duk ɗan kason da ke da nasa a gari, mai kai masa abinci, zai zauna yana ɗibar ruwa da shara. Wanda ba shi da kowa kuwa, sai fasa dutse a hanyar Tawa. Da aka zo kan mahaifina, gardi ya yi masa ba'a, ya ce ko daga rami ya fito ne, ya faɗi sunan mutum guda mana. Mahaifina ya juyo sashen da nake. Ba zai iya kiran ɗiyar fari a gaban jama'a ba, jira yake in tashi. Ni kuma jira nake ya kira. Na zuba wa wani ƙuda ido a kan allona har aka wuce shi. Alhali tsohuwar da nake zaune gidanta ba za ta hana ni kwanon tuwon da zan kai masa ba.

Washegari 'yan kaso suka zo babu shi. Kafin damina aka kawo wa innata rigarsa, aka ce zawo ne ya kashe shi. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ba a daɗe ba aka daina irin wannan kamu, na wasu suka dawo.

Na tsufa ban gaya wa kowa ba sai ku da ke saurarena yau. Kunya tarbiyya ce, amma ku nuna wa 'ya'yanku inda ta tsaya. In naka yana ɗaure, tashi ka ce naka ne, kada ka jira ya kira ka.