Bindigar Zarin Gul Ba Ta Tashi

Kafin Zarin Gul, masu gadi biyu aka yi a ƙofar shagon zinariyar Seth Ilyas, kuma duk a gabana aka kwashe su. Na farko 'yan fashi suka fasa masa baki da gindin bindiga, har a ƙarƙashin teburina na tsinci haƙorinsa. Na biyu a gwiwa suka harbe shi, ya koma garinsu yana dogara sanda. Ni gyaran keken ɗinki nake yi, rumfata na jingine da bangon shagon, don haka duk masifar da ta sauka a layinmu na nan Karachi, ni ne shaidar dole.

Zarin Gul daga garin Swabi ya zo, can arewacin ƙasar, dogon mutum mai gemu ja da lalle, ya baro mata da yara a gida. Kamfanin gadi ya ba shi shuɗiyar riga da ɗamarar harsashi da wata doguwar baƙar bindiga. Usta yake kirana, wato gwanin sana'a, ni kuma ina ce masa Lala, wato yaya. Bai daɗe da kama aiki ba ya leƙo rumfata.

"Usta, ko kana da man keke? Ɗan kaɗan."

Na ce, "Lala, ɗinki za ka yi da bindigar?"

Bai yi dariya ba. Ya waiga dama da hagu, ya tsuguna bayan teburina ya miƙo min ita. Ina karɓa na ji ba ta da nauyin kirki. Na leƙa bakinta, a toshe yake da dalma. Ta kwaikwayo ce, irin ta masu shirya fim, harsasan ma kwanso ne kawai babu albarushi.

Ya ce, "Kamfanin sun ce samun lasin yana da wuya, wai ɓarawo da ido yake aiki. Seth ma ya sani. Kai ne na uku, Usta. In aka samu na huɗu, na mutu."

Tun daga ranar, kowace safiya a bayan labulen rumfata yake. Iskar teku ba ta barin ƙarfe ya huta, balle wannan tarkacen, yini ɗaya ka ƙyale shi sai tsatsa ta fito. Yakan warware ta gunduwa-gunduwa a kan tsohon rawaninsa, ya bi lungunanta da buroshin haƙori, ya ɗiga mai a kunama da wurin ɗanawa, ya goge abin da ya yi yawa don kada ƙura ta maƙale. Kwanson harsasan kuwa a ruwan tsamiya yake jiƙa su, ya dirje da toka har tagullar ta riƙa ɗaukar ido, ya jera su a ɗamara. Daga nan ya haɗa ta, ya ja ya ɗana, ya kasa kunne. In ƙarar ba ta fita tsaf ba, sai ya sake warwarewa.

Ina tsokanarsa, "Lala, ko matarka ba ta samun wannan gatan."

"Matata ba ta tsare min rai, Usta. Wannan ƙarar da ka ji, ita kaɗai ce harsashina."

Wata azahar wasu biyu suka faɗo layin a kan babur. Na bayan ya diro, ya cafke wata mata da ta fito daga shagon, ya fizge ɗan kunnenta har fatar ta tsage, jini ya wanke mata mayafi. Zarin Gul ya miƙe ya ɗana bindigar. Ƙarar ta ratsa layin, ni da na san sirrin ma sai da na duƙe bayan teburina. Mai tuƙi ya arce. Wanda aka bari ya yi turus, Zarin Gul ya cim masa, ya ɗaga bindigar sama da hannu ɗaya, ya riƙa kirɓarsa da ɗayan, gwiwa a ciki, goshi a hanci, har yaron ya zube yana aman jini. 'Yan kasuwa suka rufe shi da takalma da sanduna, da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi da sauran numfashi.

Aka yi ta yabon Zarin Gul, wai ga mai imani, bindiga a hannu amma bai harba ba, ko buga masa ita bai yi ba. Ni na san dalili: da ya buga, da ta tarwatse a gaban jama'a. Seth Ilyas, mara kunyar, har da rataya masa furanni a wuya. Sunansa ya zagaye kasuwa, ni kuwa tsoro ya kama ni.

Na ce, "Lala, ka bar ta ta yi tsatsa. Yanzu tsoronka suke ji, wanda suke tsoro kuwa shi suke fara harbi."

Ya ci gaba da gugar kwanso. "In ta yi tsatsa, ni wane ne? Tsoho a kan kujera. Miƙo man nan."

Da 'yan fashin suka dawo, su huɗu ne, kuma ko kallon shagon ba su yi ba tukuna. Da hantsi ne, Zarin Gul yana riƙe da kofin shayi. Kansa suka yi kai tsaye. Suka buɗe masa wuta a ƙirji, kujerar ta kife da shi, jini ya fallatso har kan kekunan da ke gabana. A kwance, wallahi, sai da ya ja ya ɗana ta, ƙarar ta fita tsaf. Suka ƙara masa a ciki. Suka fasa gilashin shagon, suka rotse kan Seth, suka kwashe abin da za su kwasa. Da za su tafi, ɗaya ya hango bindigar tana sheƙi, ya ɗauka don ya ƙara da ita. Ya jijjiga ta, ya leƙa bakinta, ya ɗura ashar, ya maka ta da ƙasa. Ta rabe gida biyu.

Na rarrafa na tallafo kansa. Jini na fita ta bakinsa yana jiƙa gemun, amma idonsa na kan bindigar.

Ya ce, "Usta, rufe ta, kada mutane su gani."

Na cire rigata na rufe ta. Kafin in juyo ya cika. Na yi kuka, kuma har yau in na tuna kamfanin nan zuciyata tafasa take yi.

Bayan an kai gawarsa Swabi, kamfanin ya turo sabon maigadi, wani siriri mai yawan murmushi. Bindigar ce dai a kafaɗarsa, an liƙe ta an shafa baƙin fenti, tsatsa har ta fara cin bakinta. Ya leƙo rumfata ya yi sallama.

"Usta, an ce kana da man keke."

Kwalbar na kan tebur a cike, yana kallonta. Na ce masa ya ƙare.