Daren da Na'urar Bashir Ta Ƙi Aiki

Jikoki biyar nake ciyarwa a gidan nan, kuma wata takwas ba wanda ya zauna gabana bayan isha'i ya ce, "Habboba, ba mu labari," kamar yadda ake kiran kaka a nan Sudan. Na faɗa, ba kuma zan janye ba. Abin ya ci mini rai.

Da yaƙi ya koro ɗana Bashir daga Khartum, ya bar gado, ya bar firij, amma ya rungumo na'urar wasan yara da wani ɗan baƙin akwati kamar sabulu, wai hardis. Na zaci na'urar ta ƙwallo ce kawai da harbe-harbe. Ashe in aka haɗa ta da hardis ɗin da 'yar igiya, fina-finai ke zubowa, na Indiya, na Turkiyya, na katun, ba ruwanta da intanet. Rana ta cika batirin sola, magariba ta yi, sai a ɗora talabijin a ƙarƙashin rumfa, kowa ya ba ni baya. Ina kan angarib, gadona na igiya, ina kallon ƙeyoyinsu. Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da ɗoriya, don haka ina iya karanta sunayen da ke jere a gilashin. Na karanta su tsaf. Babu ko ɗaya da harshenmu.

Mu ba haka muka tashi ba. A ƙauyen nan namu na kusa da Suki, in an gama cire auduga, karan audugar ake ƙonawa a tsakar gida. Wuta ce mai saurin ci, sai ana ƙara mata, kuma aikina ke nan ni da Hajo, 'yar baffana. Kaka Tumba, uwar babana, ba ta buɗe baki sai ta shanye gahawarta. Sannan ta ce, "Ga ta nan bakin ƙofa, wa ka buɗe mata?" Mu ce, "Mun buɗe, ta shigo!" Wanda ya amsa da Larabci, sai ta nuna shi da mafici: "Kai, ɗan nema, aje wanga harshe kasuwa. Nan ɗakin kakarka ne."

Wadda muka fi so ita ce ta Mai Kasko. Wata mata ce ta taso daga yamma tare da ayarin masu neman gabas, ɗauke da garwashin murhun uwarta a kasko. Duk zangon da aka yada sai ta ciyar da shi, bai taɓa mutuwa ba. Da suka iso babban kogi, kada ya tare mashigi, ya ce ba mai wucewa da wuta. Sai ta yi masa waƙa har ya yi kuka, ya haye da ita a bayansa. A nan Kaka kan tsaya, ta sa mu rera waƙar sau uku. "Hajo, ɗaga murya. Ke kuma uwar baki, waƙa nic ce, ba faɗa ba." A ƙetare matar ta yi gida, ta hana kowa wutarta, sai wata makauniya da ta dame ta da roƙo, ta jefa mata garwashi ɗaya don ta tafi. Rannan ruwa ya rusa mata ɗaki, kasko ya cika. Ta zauna tana kuka, sai ta hango hayaƙi a bukkar makauniya.

Makon jiya Bashir ya kai hardis wurin abokinsa a ƙara fina-finai. Abokin ya sauya masa tsari, na'urar ta daina ganinsa. Bashir ya zare igiya, ya hura, ya mayar, ya sauya rami, ya kashe ya kunna. Gilashi ya nuna babu kome. Yara suka yi tsuru-tsuru. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Na gyara zama na ce, "Ga ta nan bakin ƙofa, wa zai buɗe mata?" Suka kalle ni. Ba wanda ya san amsa, sai na amsa wa kaina. Na ja labari, rabi Hausa rabi Larabci, Kaka ta yafe mini. Nusaiba, mai shekara tara, ta matso har gwiwarta na taɓa tawa. Muka iso kogi, kada ya tare mashigi, na buɗe baki in yi waƙa.

Babu. Muryar tana nan a maƙogwarona, kalmomin sun tafi.

Nusaiba ta ce, "Habboba, koma baya kaɗan ki sake kunnawa. Haka Baba ke yi."

Na koma baya. Na sake isowa kogi. Babu.

Yayanta ya ce, "Halas, shi ke nan, hardis ɗin Habboba ma ya lalace." Suka kwashe da dariya, har da Bashir. Ya ce su kwanta, gobe zai gyara nasa.

Ina ƙarama na ɗauka labarin Mai Kasko gargaɗi ne ga marowata. Sai a kan angarib ɗin nan, ni kaɗai, na gane dalilin da Kaka ke sa mu maimaita waƙar har mu gaji. Rabon garwashi take yi. Ni kuwa shekara hamsin na riƙe nawa ina jiran a zo a roƙe ni, ina fushi da na'ura. Cikin waɗanda suka zauna a bakin wutar nan, mu biyu muka rage, ni da Hajo. Tana ƙetaren kogi. Shekara shida ba mu gaisa ba, tun wata magana da na gaya mata a gidan makoki. Gaskiya na faɗa, amma a gaban mutane na faɗe ta.

Da gari ya waye na ƙulle gahawa a gefen mayafi, na ɗauki littafi da biro, na tashi Nusaiba na ce ta sa takalmi, kwalekwalen farko ba ya jira.

"Ina za mu, Habboba?"

"Wurin wata tsohuwa. Za ta zage ni tukuna, ki yi shiru ki jira. In ta gama, ki buɗe kunnenki."