Yaya Dauda da Katangar Gidanmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Dauda, malamin tarihi a Samaru. Ni makaniki ne a Sabon Gari, a firamare na tsaya, saboda haka yadda na iya zan faɗa.

Gaskiya, da yana raye aikinsa haushi yake ba ni. Mutum da digirinsa, ya rataya rikoda yana bin tsofaffi a unguwannin Jushi da Jama'a. Kuma ba ya haɗa tsoho biyu wuri ɗaya, wai ƙaramin zai bi bakin babban. Ka kawo masa labari, sai ya ce, "Wa ya gaya maka? Yana wurin? Me zai samu in ka yarda?"

Babanmu ya rasu yana cewa maƙwabcinmu, mahaifin Sunday, ya ci mana taku uku lokacin da ya sake ginin katanga. A kan haka na shekara ashirin ba na gaisawa da Sunday, wanda tare muka taso. Na taɓa kai wa Yaya maganar. Ya ce, "Ƙanena, Baba mai ƙara ne, ba shaida ba." Na ce boko ya sa yana ƙaryata ubansa. Har ya koma ga Allah ban janye ba.

Bara damina ta kayar da katangar. Na rantse ko a ba mu takunmu ko kotu ta raba mu. Amma tambayoyin nan nasa suka hana ni sakat. Na je wurin Gwaggo Laraba, ƙanwar Baba, ita kaɗai. Washegari na nemo tsohon birkilan da ya yi ginin. Ba su ga juna ba, amma bakinsu ɗaya: a kan tsohon tushe aka ɗora. Gwaggo ta ce asalin faɗan ma akuyar mahaifin Sunday ce ta ci wa Baba dankali. Ta ɗauko hoton auren iyayenmu, ga bishiyar lemo jingine da tsohuwar katangar. Lemon yana nan, tushen yana gindinsa.

Na tafi gidan Sunday da nauyin ƙafa. Ya dube ni ya ce, "Malam, sai da katanga ta faɗi ka hango ni?" Tare muka ɗora bulo.

Da Yaya yana nan yau, ya ga yadda ake tura labari a waya ba uwa ba uba, na san zai gaji. Amma ban jin zai karaya. 'Yata Hannatu tarihi take karantawa a Samaru, rikodarsa na hannunta. Ko maganar kasuwa na kawo, sai ta ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar tambaya uku, su kuma suka dawo mini da maƙwabci. Yaya, na janye maganata.