Ranar da Kawu Ya Je Unguwar Kuɗi

Kawuna tsohon ɗan canji ne a Wapa, unguwar 'yan canji ta can gida. Da ya gama Umara sai ya biyo Riyad da makullin rumfarsa a aljihu, zai danƙa wa ɗansa na fari da ke aiki a can ya dawo gida ya gaje shi, don idonsa ya fara gajiya. Ni direba ne a garin, ni na ɗauko shi.

Ɗan nasa kuwa tun da ya samu aiki a wata unguwa mai dogayen benaye na gilashi ya daina faɗin sunanta kamar mutane. Haruffa huɗu na Turanci yake jerowa, yana wani karya harshe kamar kakansa ne ya haƙa harsashin wurin.

A mota Kawu ya ce, "Wai mene ne ma'anar sunan nan?"

Na ce, "Sunan wani marigayi sarkinsu ne, Kawu, sai aka ƙara da unguwar harkar kuɗi."

"Ashe Wapar su ce," ya ce yana gyara hula. Har da murna.

Muka shiga. Babu tabarma, babu ciniki, babu mai amsa sallama. Wasu samari na shan gahawa mai tsadar tsiya suna danna waya. Kawu ya duba sama, ya duba ƙasa.

"To ina kuɗin?"

Ni ma shekaruna ina sauke mutane a nan ban taɓa ganin riyal ɗaya a hannun kowa ba. Suna dai sun iya sawa, wannan kam ba a fi su ba.

A ƙofar wani bene muka tarar da ɗan nasa cikin kwat, shi ke karɓar motocin baƙi yana ajiyewa. Ya rusuna rabi-rabi yana waige. Kawu ya ciro makulli.

"Ka ga, rumfar nan tun babana..."

"Haba Baba, Wapa? Kai ma ka ga wurin nan fa. Iƙamata ma, takardar zama, yanzu kafil ubangidana ya sabunta."

Sai wani yaro Balarabe da bai kai autan Kawu ba ya tsaya da mota, ya wurgo wa ɗan Kawu nasa makullin, ya ce, "Yalla!" wato maza. Shi kuwa ya cafe da hannu biyu, ya ruga. Kunya da haushi suka kama ni.

Kawu ya daɗe tsaye da makulli a hannu kafin ya mayar aljihu. Sai da muka kusa unguwar Shifa a hanyar komawa masauki ya yi magana.

"Cikin mutanenku na nan, babu mai shirin komawa gida da ke neman rumfa?"